Nasiha Ga Samarin Gareji A Kan Tuhumar Famfon Injekta

Ya ku 'ya'yana, samarin da ke koyon kanikanci a garejojin Hayin Banki da Kawo da sauran unguwannin da ke bakin hanyar Zariya, abin da ya sa na ga ya wajaba in rubuto muku wannan nasiha shi ne wata ɗabi'a da ta yi yawa a tsakanin masu wannan aiki, manya da yara, har ta kusa zama al'ada, watau da zarar an turo a-kori-kura mai shan gas wadda ta ƙi tashi, ko ta kasa hawan tudu da kaya, ko ta turnuƙe layi da hayaƙi, sai ka ji tun ba a ɗaga bonet ba wani ya ce famfon injekta ne, sauran su amsa masa, a ɗauko sifana a kwance abin da ya fi kusan kome tsada a jikin injin, alhali kuwa babu wanda ya gwada kome, babu kuma wanda zai iya faɗin hujjar da ya dogara a kanta in da za a tambaye shi.

Na sani galibin motocin a-kori-kura da ke yawo a Kaduna fetur suke sha, tun daga Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri bayan buɗe masana'antar a 1975, har zuwa yawancin Hilux ɗin da hukumomi ke saye a yau. Amma masu shan gas ɗin ma ba su da kaɗan: akwai tsofaffin Hilux masu injin 2L da 3L da 5L, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya mai injin 1HZ, da L200 ta Mitsubishi mai injin 4D56, da sababbin Hilux masu 2KD da 1KD da 2GD. Irinsu ne ke ɗauko masara daga Saminaka da Giwa, su sauke kaya a kasuwar Kawo ranar Talata, su bi hanyar Mando su nausa ƙauyuka inda kwalta ta ƙare. Wanda kuwa ya fahimci famfonsu, to ya kama hanyar fahimtar na Kanta da na tarakta da na janareta, domin asalin hikimar ɗaya ce.

Ku fara da sanin abin da kuke tuhuma. Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi kamar na fetur; fistin ne ke matse iska zalla, a injin 3L har ya mayar da ita kamar kashi ɗaya cikin 22 na yawanta, zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan a feso mata gas, ya kama wuta da kansa. Tun da Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a garin Augsburg na Jamus a 1897, babbar mas'alar da ta dami masana ita ce yadda za a cusa mai a cikin iskar da aka matse haka, ba kuwa a sami sauƙin sanya wannan inji a motoci ba sai da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa a 1927. Aikin famfon nan uku ne: ya matsa man da ƙarfi, ya auna gwargwadon da kowace silinda ke bukata, ya kuma aika da shi a daidai lokacinsa. Nozul ɗin tsohon inji ba ya buɗewa sai ƙarfin man ya wuce bar 100, alhali galibi tayar motar ba ta ɗauke da fiye da bar 2 ko 3, a sababbin injuna kuwa ƙarfin yakan kai 1,600, a wasu ma ya haura 2,000. Don a sami wannan ƙarfi, tazarar da ke tsakanin filanja, watau ƙarfen da ke matsa man a cikin famfo, da gidanta ba ta wuce maikiron 2 zuwa 4 ba, gashin kan mutum kuwa kaurinsa ya kai kimanin maikiron 70; kuma a famfo mai juyawa, irin wanda ke jikin 3L da 1HZ da 4D56, babu wani abin da ke sa wa ƙarafan ciki santsi ko ya sanyaya su face gas ɗin da ke ratsa su. Daga wannan bayani mai hankali zai fitar da fa'ida biyu: cewa famfon da ake ba mai tsabtataccen mai yakan yi shekaru masu yawa bai nemi kome ba, da kuma cewa idan ya mutu, galibi wani abu ne daga waje ya kashe shi.

Saboda haka nake so kowane ɗayanku, idan ya tsaya gaban injin da ya ƙi aiki, ya ɗauki kansa a matsayin alƙali wanda aka gurfanar da wanda ake tuhuma a gabansa. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci don jama'a sun yi ca a kan mutum, ba ya kuma ɗaukar zato a matsayin yaƙini. Yakan saurari mai ƙara, ya nemi shaidu, ya kore kowace shubuha ɗaya bayan ɗaya, sai hujja ta tsayu sa'an nan ya yi magana. Mai ƙara a nan shi ne direba, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin ladabi da natsuwa: yaushe abin ya fara, farat ɗaya ne ko a hankali, da safe motar ta fi wuyar tashi ko bayan ta yi tafiya ta ɗauki zafi, a ina ya sha mai na ƙarshe, gidan mai ne ko wajen 'yan bumburutu, ya taɓa bari tanki ya ƙafe, wa ya taɓa injin kafin ku, me kuma ya kwance. Sau da yawa rabin amsar tana cikin bakin direba, sai dai yana jin nauyin faɗa, musamman in motar ta maigidansa ce, don haka kada ku tambaye shi da muryar zargi a gaban mutane.

Bayan wannan sai ku sa a murza makulli, ku kasa kunne, ku kuma sa ido a kan salansa. Injin gas yana bukatar kik ya juya shi da sauri, domin in ya juya a hankali zafin iskar da aka matse yakan zurare cikin ƙarfe kafin mai ya iso. Batir mai rauni, ko kan batir da ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗa inji da bodi in ta saki, kowannensu ya isa ya hana mota tashi alhali famfonta lafiya lau. In kuwa injin yana juyawa da kuzari, to salansa za ta ba ku shaida ta farko, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, mai yana isa silinda ke nan, wuta ce ba ta kama shi ba, sai ku koma kan hita, ku gwada su ɗaya ɗaya, musamman a kwanakin hunturu da sanyin asuba ke sauka a kan Kaduna, sa'an nan ku duba tayimin da ƙarfin matsin fistin. Idan kuwa babu hayaƙi ko kaɗan, to mai ne ba ya zuwa, sai a bi sawunsa tun daga tanki. A nan ina gargaɗinku da wata mummunar dabara da na ga ana yi, ta jiƙa tsumma da fetur ko fesa maganin sauro a bakin iska don a tilasta wa inji tashi: wannan yakan fasa ringi, ya lanƙwasa abin da bai kamata ya lanƙwasu ba, in kuma hita na da zafi wuta na iya dawowa ta fuskar mai fesawa, sa'an nan ga shi bai gaya muku kome game da asalin cutar ba.

A bayan famfo mai juyawa akwai wani ɗan sulunayid mai waya ɗaya, wanda ke buɗe wa mai hanya in an kunna makulli, ya rufe in an kashe. Ku ɗora yatsa a kansa, wani ya murza makulli. In ba ku ji ya yi ƙas ba, ku gwada ko wutar batir tana isa gare shi, domin fiyus da ya ƙone ko waya da ta tsinke sun sha jawo a sauke famfo a banza. Daga nan sai filtar mai: ku kwance mazurarin da ke ƙasanta, ku tari abin da ya fito a kwalba mai haske, ku ɗaga ta ku duba, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, in akwai laka ko wani baƙin kumfa mai yauƙi, to tankin ne ya ƙazantu.

Amma mai laifin da ya fi kowa ɓuya, wanda kuma ya fi kowa jawo wa famfo sharri, ita ce iska. Ku lura da kyau, tsakanin tanki da famfo a tsofaffin motocin nan man ba turo shi ake yi ba, zuƙo shi ake yi, saboda haka tiyon da ya tsage, ko wosha da ta gaji, ko robar famfon hannu da ke kan filta da ta huje, ba za su ɗigar da mai waje har ku gani ba, sai dai su riƙa shigar da iska ciki a ɓoye. Alamarta ita ce motar da ta kwana ta ƙi tashi sai an danna famfon hannu, ko ta tashi ta yi ɗan lokaci ta mutu, ko ta riƙa shaƙewa a kan gudu tana dawowa. Hanyar kama ta mai sauƙi ce, ba ta kuma cin kuɗi: ku sa guntun tiyo mai haske a mashigar famfo, ku ga ko ƙwayoyin iska na wucewa. Abin da ya fi wannan yanke shakka shi ne ku sami jarka mai tsabta, ku zuba mata gas da kuka amince da shi, ku rataye ta sama da inji, ku ba famfon mai daga cikinta ta sabuwar filta, ku fitar da iska, ku tayar. In injin ya tashi ya zauna daram, ya kuma karɓi totur, to famfo ya kuɓuta, laifin yana tsakanin tanki da filta, ko da kuwa wane ne ya rantse muku da akasin haka. Wannan gwaji na jarka, da za a lizimce shi a kowane gareji, da an rage asarar masu motoci da yawa. Akwai kuma wani ɗan sirri da ya kamata ku riƙe: notin da ke mafitar mai a saman famfo mai juyawa yana da 'yar ƙaramar huda da aka auna, an kuma yi masa rubutu a ka don a bambanta shi da na mashiga, domin shi ne ke riƙe ƙarfin man da ke cikin famfon. In mai gyara ya musanya su wajen mayarwa, sai mai ya riƙa shiga da ƙyar, mota ta rasa ƙarfi ta riƙa hayaƙi, a yi ta neman dalili a inda ba ya nan.

Idan motar tana tashi amma baƙin hayaƙi take yi, ma'anarsa mai ya fi iska yawa, ko kuma ba ya fesuwa yadda ya kamata. Ku fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye ke toshewa cikin ɗan lokaci, ku tambayi nauyin kayan da ake ɗora wa motar, sa'an nan ku je ga nozul. A tsohon inji, yana silo, ana sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, a rufe shi da tsumma. Wanda aka sassauta sautin inji bai sauya ba, silindarsa ba ta aiki. Sai a ciro nozul ɗin a kai su na'urar gwaji, a ga ƙarfin da suke buɗewa da shi, da ko feshi suke yi ko ɗiga. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganarsa tana wajen ringi ko bawul ko tabo, famfo ba shi da hannu a ciki. Haka nan tayimin: bel ɗin da ya tsallake haƙori ɗaya ya isa ya sa inji ƙwanƙwasa ko farin hayaƙi da kasala, shi ya sa Toyota ta sa wa masu injin 3L da 5L fitila a gaban direba da ke kamawa a kilomita 100,000 don a sauya shi, ba don a ciro ƙwan fitilar ba.

To, yaushe ne hujja ke tsayuwa a kan famfo? Idan kun tabbatar tsabtataccen mai marar iska yana shiga, sulunayid yana buɗewa, bel ko giya suna juya famfon a kan alamominsu, kik yana da ƙarfi, kuka sassauta bututun nozul kuka ga babu abin da ke tsartuwa, ko yana fitowa a raunane, a nan kam zato ya zama yaƙini. Akwai kuma wata alama da ta kusa zama tasa shi kaɗai: motar da ke tashi da safe da bugu ɗaya, amma in ta taho daga Zariya aka kashe ta a tashar Kawo sai ta ƙi tashi har sai ta huce. Dalilin haka shi ne gas in ya yi zafi yakan tsinke, filanjar da ta cinye kuwa ba ta iya riƙe tsinkakken mai a ɗan juyin da kik ke yi, sai ya zurare ta gefenta. Ana gwada wannan da zuba ruwa mai ɗan ɗumi a kan famfon a hankali, a jira kaɗan, in ta tashi to an gane. Amma kada a kuskura a kwara ruwan ƙanƙara, domin gidan filanja zai tsuke farat ɗaya ya kama ta. Sauran alamominsa su ne silo mai hawa da sauka alhali babu iska a layi, da yoyon gas ta sandar totur ko ta bakin shaf. Wannan yoyo na bakin shaf ku kiyaye shi ƙwarai: a injin da bel ke juya famfonsa yakan jiƙa bel ɗin ya ruɓar da shi, a wanda giya ke juyawa kuwa, kamar 1HZ, yakan gangara cikin baƙin mai, sai ku ga geji yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin gas. In aka yi sakaci har injin ya fara shan wannan gaurayen mai ta hanyar iskarsa, zai ɗauki gudu da kansa, a zare makulli bai tsaya ba. Abin yi a wannan hali shi ne a toshe bakin iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ba, ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci.

Shaidar da ba ta da ɗaukaka ƙara ita ce garin ƙarfe. In kun ciro sulunayid, ko kun yanka tsohuwar filta, kuka ga wani abu yana ƙyalli a cikin mai, to famfon ya fara cin kansa, kuma wannan gari ya riga ya bi bututu ya je nozul, ya koma tanki ta layin dawowa. Wanda ya ɗora sabon famfo bai sauke tanki ya wanke ba, bai busa layuka ba, bai sauya filta ba, ya sani ya ɗora shi ne don ya mutu.

Game da sababbin injuna masu kwaman-rel, waɗanda kamfanin Denso ya fara sa wa manyan motoci a Japan a 1995, suka kuma shiga ƙananan motoci a Turai a 1997, hukuncin ya ɗan sauya, ko da yake usulin bai sauya ba. A cikinsu famfo ba ya auna mai, ba ya kuma zaɓen lokaci. Aikinsa kawai ya tara mai da ƙarfi a cikin bututu guda, ƙwaƙwalwar motar ce ke buɗe kowace injekta da lantarki. Haramun ne a gare ku, haramcin da ya shafi tsare rai da lafiya, ku sassauta bututu a irin wannan inji yana aiki, ko ku laluba yoyo da yatsa, domin man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, ramin ya yi kamar na allura, amma in ba a kai mutum asibiti an yi masa aiki da gaggawa ba yana iya rasa hannun. A nan na'urar kwamfuta ce shaida: a duba ƙarfin da ƙwaƙwalwa ke nema da wanda ake samu lokacin kik, domin in bai kai wajen bar 200 zuwa 300 ba ba za ta ba da izinin feshi ba. Lambar P0087 tana nufin ƙarfin ya gaza, amma ba ta ce famfo ne ya gaza ba. Filta da ta toshe tana kawo ta, haka injekta ɗaya da ke mayar da mai tanki fiye da kima, wadda ake ganewa ta sa wa kowace kwalbarta a layin dawowa a gwada abin da suka tara, haka kuma ɗan bawul ɗin da ke jikin famfon 2KD da 1KD mai daidaita man da ke shiga, wanda ake sauya shi shi kaɗai ba tare da an sauke famfon ba. Saboda wannan nake roƙonku, duk wanda ya bar karatu a cikinku ya koma ya iya karanta lamba da littafin mota, ko da na dare ne, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, ga makarantar koyon sana'a ta Malali kusa da ku; zamanin da kunne da sifana kaɗai ke isar bakanike yana ƙarewa.

Idan hukunci ya tabbata a kan famfo, aikinku bai ƙare ba sai kun gano abin da ya kashe shi. A ƙasarmu galibi mai ne. Kananzir ba shi da santsin gas, kuma a shekarun da gwamnati ke tallafa wa farashinsa, kafin a janye tallafin a 2016, marasa tsoron Allah sun riƙa gauraya shi da gas don cin ƙazamar riba, wanda shi ne ainihin algushun da shari'a ta haramta. Har yanzu kuma ba a rasa masu zuba wa gas abin da ba shi ba. Fetur da aka zuba bisa kuskure ya fi kananzir ɓarna. Ruwa kuwa, ko ya zo daga tankin mai sayarwa, ko ya taru daga raɓar da ke sauka cikin tankin da ake bari rabi a damina, yakan sa tsatsa a ƙarfen da tazararsa ba ta kai kaurin gashi ba. Kada ku ɗauka mu kaɗai ke fama da wannan. A Amurka, motocin a-kori-kura na Dodge masu injin Cummins na tsakanin 1998 da 2002 sun yi suna wajen mutuwar famfonsu mai suna VP44, sau da yawa kuwa sababin shi ne wani ƙaramin famfon lantarki mai turo masa mai da ke raunana ba a sani ba, babban ya yi ta aiki da yunwa har ya ƙone. Duk wanda ya sauya babban ya bar ƙaramin, sai ya sake saye. Adalci kuma ya sa in faɗa muku cewa wani lokaci aibin daga ƙira yake, domin a 2021 kamfanin da ke ƙera motocin Ram ya kira fiye da 200,000 daga cikinsu don a sauya musu famfon CP4 da ke niƙa kansa. Amma su ma ba su kai ga wannan hukunci da zato ba, sai da bincike.

Saura maganar amana, wadda ita ce ta fi damuna. Famfon injekta ba a buɗe shi a kan tabarma a bakin titi inda iska ke kwaso yashi. Wurinsa ɗaki ne mai tsabta, a hannun mai kalibreshan wanda ke da bencin gwaji, inda ake juya famfon a auna abin da kowace mafita ke bayarwa a kowane gudu, a gwada shi da abin da masu ƙira suka rubuta. Kai shi can ba gazawa ba ce a gare ku. Haka nan notin ƙarin mai da aka ɗaure da hatimi, kada ku karya hatiminsa don direba ya ce yana son motarsa ta ƙara ja: abin da zai samu shi ne baƙin hayaƙi, da zafin da ke tsaga tof, da kuɗin mai da ke tafiya a iska. Ku sani malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da ake karantawa a zaurukan garin nan, sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka danƙa masa ya ɓace ko ya lalace a hannunsa bayan mai shi ya ba da baya, sun yi haka ne kuwa don maslahar jama'a, saboda mai kaya ba shi da ikon ganin abin da ake yi da kayansa. Mai motar da ya bar muku makulli ya tafi bai san filanja ba, bai san sulunayid ba, abin da kuka faɗa masa shi zai biya, wataƙila ma da bashi, ga iyali suna jiran abin da motar za ta kawo. In kun ce masa famfo ne alhali wosha ce, ko kun sa masa tsohon kayan Beljiyam kun karɓi kuɗin sabo, ko kun sa filtar jabu kun san jabu ce, to abin da kuka karɓa ba halalinku ba ne, ko da motar ta tashi.

Idan famfo ya dawo daga benci, ku ɗora shi a kan alamominsa, ku daidaita tayimin da agogon awo in kuna da shi, ku sa sababbin wosha, ku fitar da iska tun daga filta, ku bar injin ya yi zafi sosai, ku kashe shi ku sake tayarwa, domin a nan ne za a san ko cutar ta tafi. Sa'an nan ku tara duk abin da kuka cire ku miƙa wa mai motar a hannunsa, ku nuna masa kwalbar man da kuka tara daga filtarsa, ku rubuta masa kilomitar da motar take kai a ranar da wadda zai dawo a sauya filta, ku kuma koya wa direbansa yadda ake zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasanta duk sa'ad da fitilar gargaɗin ruwa ta kama.